KWALLIYAR SHAFIN HAƊA AURE: SHIN TA BIYA KUƊIN SABULU?

A zaman da muka yi na 'yan ƙungiya a Jega kwanakin baya, wani ɗan uwa matashi ya miƙe ya shaida mana cewa zamani ya canza, yanzu ido ke ciniki. Ya ce duk sana'ar da ta tsaya, walau ta littafi walau ta shafin intanet, maganinta a sake mata fuska: sabon launi, sabon tambari, sababbin hotuna, sai ka ga jama'a sun yi caa a kanta. Ya kawo misali da shafukan haɗa soyayya da aure na Turawa, ya ce da sauya fasali suka tara dukiyar da suka tara. An tafa masa. Ni ban tafa ba, lokaci kuma bai ba ni damar faɗin dalilina ba, shi ya sa na roƙi edita ya ba ni wannan fili. Ba ni da wata a ƙasa da ɗan uwan nan, ra'ayinsa nake jayayya da shi, domin na ga inda irin wannan ra'ayi ya cinye jarin wani yaro, ya kuma kusa jefa alƙalamina cikin shaidar zur.

Ga yadda abin ya faru. Wani yaro ɗan ƙanwata, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya buɗe shafin haɗa aure shi da abokansa biyu. Niyyarsu mai kyau ce. Sun duba sun ga zawarawa da 'yan mata da suka gama makaranta sun yi yawa a gidaje, ga samari da magidanta masu neman aure amma kunya ko nisan gari ya hana su, sai suka ce bari su zama masu dalili na zamani. Da farko abin ya ɗan motsa, daga baya ya kwanta. Sai wani mai zanen shafuka ya ba su shawarar da ɗan uwanmu ya ba mu a Jega, wato a rushe shafin a sake shi. Suka sayar da abin da suka sayar, suka ranto abin da suka ranto, aka yi watanni ana aiki. Aka sauya koren launi zuwa ruwan hoda, aka zana zukata biyu a sarƙe, aka zuba hotunan wasu amare da aka kwaso daga intanet waɗanda ko a mafarki ba su taɓa taka ƙasar Kabi ba. A nan ne yaron ya zo mini, ya ce, “Kawu, kai ne mai alƙalami, ka rubuta mana kalmomin da za mu ɗora a fuskar shafin.” Na rubuta. Ya dawo ya ce saura abu guda: in ƙago labarai uku ko huɗu na ma'auratan da suka haɗu ta shafin suna godiya, a sa musu sunaye da garuruwa. Na tambaye shi aure nawa aka ɗaura ta hanyarsu. Ya sunkuyar da kai. Na ce masa wannan kam ba da ni ba.

An buɗe sabon shafi. Makon farko masu leƙe suka ƙaru, har yaran suka yi ta murna. Bayan wata biyu komai ya koma inda yake, sai bashi da ya ƙaru a kansu. Maza na shigowa su kalli hotuna su fita, matan kirki kuwa da ma ba su da yawa, waɗanda ke ciki ma wasu suka janye, don wata ta ga hotonta yana yawo a wayoyin samarin unguwarsu. Abin da Hausawa ke kira kitso da ƙwarƙwata ke nan.

To, mai karatu, tunda mu mutanen albasa ne, bari in ja ka zuwa kasuwar Aliero mu yi nazarin abin a can. Kowa ya san albasar Aliero ana lodinta zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, har da ƙasashen maƙwabta. Kowa kuma ya san akwai mai zuba manya a bakin buhu ya ɓoye ƙanana da masu ruɓa a gindi. Irin wannan yakan ci kasuwa sau ɗaya. Amma falken da zai biya kuɗin mota guda ba ya kwance kowane buhu, ba ya kuma duban sabuntar buhu ko kyan ɗinkin bakinsa. Dillalinsa yake duba. In dillali ya ce wannan kayan wane ne, na san gonarsa, na san rumbun da ya ajiye ta, sai a yi ciniki. Ranar da kaya suka isa kudu aka tarar da ruɓa, falke ya san ƙofar gidan da zai buga. Haka kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ke yada zango a cikinta: baƙo yana da fatoma, fatoma kuma shi ke tsaya masa. Ashe abin da dillali ke sayarwa shi ne tsayawar nan da yake yi, albasa kuwa ta manomi ce.

In haka abin yake a kan albasa, wadda in ta ruɓe asarar kuɗi kawai aka yi, ina ga aure? Akwai wata tsohuwa a Maiyama, ƙawar mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana dalilin aure tsakanin Maiyama da Andarai da Mungadi har zuwa Jega. Ba ta da ofis, ba ta da allon talla, jarinta ƙafarta da bakinta. Na nuna mata shafin yaran a wayata, na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon hotunan, sannan ta ɗora yatsa a kan wata ta ce, “Ɗana, wagga ɗiyat wa ta?” Na ce ban sani ba, Inna. Ta nuna wani namiji ta ce, “Wanga fa, ɗan wa na? Mata nawa ya saki?” Na ce shafin bai faɗa ba. Ta miƙo mini wayar ta ce to ita ba ta ga abin da ake sayarwa a nan ba. Tambayoyin nan nata su ne dukan sana'ar, kuma babu ko ɗaya da ruwan hoda ya amsa. Wanda ya shiga shafin da ba ya amsa su, cinikin biri a sama ya shiga.

Na san abin da ɗan uwana zai ce. Zai ce, “Malam, ka tsaya a kasuwar albasa, duniya ta wuce ka. Je ka dubi Hinge.” To, mu dube ta, don ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Hinge manhajar haɗa masoya ce ta Amurka wadda Justin McLeod ya kafa. Da farko ta bi sawun Tinder, wadda ta fito a 2012 ta kuma yaɗa salon nan na goge hoto da yatsa, dama in kana so, hagu in ba ka so. A 2016 Hinge ta rushe kanta ta sake gini, kuma gaskiya ne bayan haka ta bunƙasa. Kamfanin Match Group ya sayi kashi 51 cikin ɗari nata a 2018, ya mallake ta gaba ɗaya a 2019, kuɗin shigarta kuma ya haura dala miliyan 500 a 2024. Duk wannan na yarda. Abin tambaya a nan shi ne, me aka sauya? An cire goge-gogen hoton nan ne kacokan. Aka tilasta wa kowa ya amsa wasu tambayoyi game da kansa, wanda kuma ke son magana da shi sai ya nuna takamaiman amsar ko hoton da ya ja hankalinsa, ya fara zance daga nan. Wato an sauya yadda mutum biyu ke fara sanin juna. Wannan gyaran harsashi ne, fenti ya biyo baya. Wanda ya dubi Hinge ya ce launi ne ya cece ta, kamar wanda ya ga mai karaya ya miƙe bayan an kai shi wurin masu ɗorin Aliero ne, ya ce sabuwar rigar da ya sa ranar komawa gida ita ta warkar da shi.

Tunda kuma an kai mu Amurka, kada mu dawo ba mu gaida Bumble ba. Whitney Wolfe Herd ce ta kafa ta a 2014, a kan ƙa'ida guda mai sauƙi: in namiji da mace suka dace, macen ce kaɗai za ta fara magana. Wannan ƙa'ida ce ta jawo mata mata, mata kuma suka jawo maza. Aka sa hannun jarinta a kasuwa a Fabrairun 2021 a kan dala 43, ya tashi sama da haka a ranar farko. Da kasuwa ta fara ja da baya, a Afrilun 2024 kamfanin ya fito da sabon tambari da sabon fasali, aka yi gangamin talla, aka kuma sassauta ƙa'idar nan tata ta asali. Ɗaya daga allunan tallan ma ya yi shaguɓe ga matan da suka zaɓi kame kai, abin ya jawo fushi har kamfanin ya nemi gafara a watan Mayu ya sauke allunan. A watan Agustan shekarar ya rage hasashen kuɗin shigarsa, hannun jarin ya faɗi warwas a yini guda. A Yunin 2025 ya ba da sanarwar sallamar kusan kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatansa, hannun jarin da aka fara sayarwa dala 43 kuwa ya koma ƙasa da dala 10. Waɗannan mutane suna da ƙwararrun masu zane da kuɗin da yaranmu ba za su taɓa gani ba. In kwalliya na tada kasuwar da ta kwanta, da ta tada tasu.

Misali na uku ya fi kusa da mu, don na Musulmi ne. Shahzad Younas, ɗan Ingila, ya fito da manhajar Muzmatch a 2015 domin masu neman aure. A Afrilun 2022 wata kotu a Landan ta yanke hukuncin cewa sunan ya shiga haƙƙin Match Group, dole aka sauya shi zuwa Muzz. Ka ga an raba kamfani da sunan da ya yi shekaru yana ginawa, wanda a lissafin ɗan uwana ya kamata ya zama ajalinsa. Bai mutu ba. Dalili kuwa, abubuwan da suka kawo jama'a suna nan: mace na iya lulluɓe hotonta sai wanda ta yarda da shi zai gani, tana iya sa waliyyinta ya riƙa ganin hirar da ake yi, ana kuma tantance cewa mai hoton shi ne mai asusun. Suna ya tafi, amana ta zauna, ciniki ya ci gaba.

Mu dawo gida. Wace ce babbar mai dalilin aure a Arewa a wannan zamani? In aka bi yawan auren da aka ɗaura, da wuya a tsallake Hukumar Hisbah ta Kano. Ta fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu a lokaci guda. Wanda ya taɓa ganin takardar da ake cikewa ya san babu zanen zuciya a jikinta, amma mutane na layi a kanta. Za a ce ai gado da katifa da sadakin da gwamnati ke bayarwa ne ke jan su. Akwai wannan, ban musa ba, ban kuma ce tsarin ba shi da aibu ba, don auren da aka gina a kan kayan ɗaki kaɗai shi ma wani buhun ne mai manya a baki. Sai dai a lura da sauran abin da ke ciki: ana tantance masu nema, ana neman waliyyi, ana gwajin lafiya a asibiti kafin ɗaurin aure, kuma in rigima ta tashi akwai ofishin da mace za ta je ta kai ƙara. Tambayoyin tsohuwar Maiyama ne aka mayar takarda.

Akwai kuma wani ƙulli a cikin wannan sana'a wanda masu kiran a sake fasali ba su son a taɓo. Mai sayar da albasa in ya gamsar da kai, gobe za ka dawo. Mai shafin haɗa aure kuwa, ranar da ya yi nasara ranar ya yi asarar abokan ciniki biyu. Saboda haka in mai zane ya ce maka sabon fasalinsa zai sa mutane su daɗe a shafinka, tsaya ka tambaye shi: su daɗe suna me? Mai neman aure da gaske ba ya son daɗewa, so yake ya samu ya fita. Shafin da aka ƙera don ya riƙe mutum yana goge hoto bayan hoto har tsakar dare ya fi kama da teburin caca, inda kullum ake sa maka ran cewa na gaba ne rabonka. Irin wannan zai iya kawo kuɗi na ɗan lokaci a manyan biranen Turai da Amurka inda ba wanda ya san wani. A Jega ko Maiyama kuwa, inda in ka yi tari a wannan unguwa za a yi maka sannu a waccan, sunan da shafi zai samu shi ne wurin 'yan iska, kuma daga ranar da ya samu wannan suna babu uban da zai bar 'yarsa ta shiga. Mai dalilin gargajiya ta warware wannan ƙulli tun tuni: auren da ta haɗa ya zauna shi ne tallarta, don uwar amarya za ta aiko mata da ƙanwar amarya.

Kada a ce na ce a bar shafi a hargitse. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake cewa shi ne a san abin da ake gyarawa. Shafin yaran nan, bayan an loda masa manyan hotuna masu motsi, sai ya zama ba ya buɗewa da sauri a ƙaramar waya in ka bar bakin titin Jega zuwa Koko ka shiga ƙauye, ga shi kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Rage masa nauyi gyara ne na gaske. Mayar da shi Hausa tsantsa, da ba da damar aika saƙon murya ga wadda ta fi sakewa da magana a kan rubutu, shi ma gyara ne. Haka ɓoye hoton mace har sai ta ba da izini, da buɗe wa waliyyi ƙofa, da neman kowane namiji ya kawo mutum biyu sanannu a garinsu da za su tsaya masa, ya kuma faɗi gaskiyar matan da ke gidansa da waɗanda ya rabu da su. Haka sanin cewa tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wanda ya tara hotuna da lambobin 'ya'yan mutane ya bar su suka zube yana da amsar da zai bayar. Duk waɗannan sauye-sauyen fasali ne, amma kusan babu wanda ido zai gani ya ce kai, ya yi kyau. Sannan a riƙa yin su ɗaya bayan ɗaya ana auna sakamako, domin wanda ya sauya abu goma rana guda, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi, ba zai san wanne ne sanadi ba. Ma'aunin kuma kada ya zama yawan masu leƙe. A ƙirga iyaye nawa suka zauna da juna, goro nawa aka raba.

'Yan uwana marubuta, ba don albasa ko Amurka na kawo wannan magana cikin mujallarmu ba, sai don mun taɓa shan irin wannan ruwa. Waɗanda suka ga zamanin littattafan soyayya a shekarun 1990 sun tuna yadda bangon littafi ya zama fagen gasa, kowa na neman hoton da ya fi ɗaukar ido. Littattafai nawa masu ƙyalƙyalin bango suka cika tebura a lokacin, yau ko sunansu ba a tunawa? Amma har gobe ana maganar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce bangonsu ya riƙe shi ba. Bango na sa a ɗauki littafi a juya shi, abin da ke ciki ke sa a ba maƙwabciya aro, ita ma ta ba wata. Mu da muka san wannan a sana'armu bai kamata mu tafa wa wanda ya ce a sana'ar wasu abin ya sha bamban ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Masu irin waɗannan shafuka za su ci gaba da zuwa wurinmu, musamman wurin matasanmu masu neman abin sa wa a bakin salati, su ce a rubuta musu kalmomi masu daɗi. Rubuta talla ba laifi ba ne. Amma ƙago amarya da ango da ba su wanzu ba, a sa musu suna da gari, a jera su a matsayin shaida, wannan ya fita daga ƙagaggen labari. Mai karanta littafinka ya san ƙirƙira ka yi, da saninsa ya saya. Bazawarar da ta karanta shaidar ƙarya ta miƙa hotonta da lambarta ba ta sani ba, kuma abin da zai same ta kana da kamasho a ciki. Manyan albasan da ake jerawa a bakin buhu, a wannan kasuwa, da alƙalaminmu ake son a jera su.

Yaron nan ɗan ƙanwata bai rufe shafinsa ba. Da bashi ya ishe shi, na kai shi Maiyama ya durƙusa gaban tsohuwar nan, suka yi yini guda tana yi masa tambayoyi yana rubutawa. Yanzu duk wanda ya yi rajista sai an kira wani babba a gidansu kafin a buɗe masa komai, kuma mutanen da ke shafin sun ragu ƙwarai a kan da. Ko zai ci riba, Allah ne masani, ban kuwa zo nan don in yi masa talla ba. Launin dai har yanzu ruwan hodan nan ne, don babu kuɗin sake shi, kuma babu wanda ya taɓa kira ya yi ƙorafi a kansa.

Ɗan uwana na Jega, fili naka ne a fitowa ta gaba. Sai dai in za ka ba ni amsa, ka zo mini da shafi guda ɗaya wanda aka sauya wa launi da tambari kaɗai, ba a taɓa yadda yake aiki ba, kasuwarsa ta tashi ta kuma zauna. In ka kawo shi, ni da kaina zan miƙe in tafa maka a zama na gaba. Allah Ya sa mu dace.